Koriyar Kwalbar Direba Sahabi

A zamanin da Turawa ke mulkin ƙasar nan, motoci ba su da yawa a Birnin Kebbi. In aka jiyo ƙugin mota daga nesa, yara kan bar wasa su fito kallo. Har sun san kowace mota da irin kukanta.

A unguwar Nasarawa akwai wata yarinya 'yar makarantar elamantare. Mahaifinta, Malam Sahabi, direban lori ne. A soja ya koyi tuƙi, lokacin yaƙin Bama. Da ya dawo gida sai ya kama jigila tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Yakan tafi da fasinja da gishiri da atamfa. Ya komo da shinkafa da albasa da busasshen kifi.

Mutane sun yarda da tuƙinsa ƙwarai. A tasha akan ce, "In Sahabi ne bisa sitiyari, jingina ka yi barcinka."

Yarinyar nan ba ta da abin alfahari kamar mahaifinta. In lorinsa ta wuce ta bayan makaranta, sai ta taɓa ta kusa da ita ta ce, "Kin ji? Babana ke nan."

Malam Sahabi yana fama da ciwon baya, saboda yawan zama da gargadar hanya. Kowace safiya matarsa, Inna Hure, takan jiƙa masa ɓawon maɗaci da tsamiya. Ta tace, ta ɗura a cikin wata koriyar kwalba. Kwalbar irin wadda Turawa ke sayen giya a ciki ce. A kasuwa aka sayo ta fanko, yadda kowa ke saye don zuba man gyaɗa ko kananzir.

Wata rana aka tashi tara. 'Yan mata suka zauna gindin darbejiya suna cin gyaɗa. Sai Laure, 'yar Kofur Tamba ɗan doka, ta fara cika baki.

"Babana shi ka tsai da motoci," in ji Laure. "In ya ɗaga hannu ɗaya, ko wace mota ce dole ta tsaya. Har ta babanki."

Sauran yara suka yi dariya. Yarinyar ta ji abin ya soke ta. Can sai kwalbar nan ta faɗo mata a rai.

"To, ni babana abin shan Turawa yake sha," ta ce. "Cikin koriyar kwalba. Yana tuƙi yana kurɓa, kuma motar ba ta ko karkacewa."

Laure ta zaro ido.

"Giya ke nan fa?"

Yarinyar ta san sarai jiƙon maɗaci ne. Ita ce ma ke riƙe wa innarta mataci. Amma ta ga duk idanu sun dawo kanta, abin ya yi mata daɗi. Sai ta ɗaga kafaɗa.

"Ko mi ne dai, naki baban bai taɓa ɗanɗana shi ba."

Aka kaɗa ƙararrawa, kowa ya koma aji. Kafin la'asar yarinyar ta manta ta yi maganar. Laure kuwa ba ta manta ba. Da ta je gida ta kwashe duka ta gaya wa mahaifinta.

Ba a daɗe ba aka ba da hutu. Malam Sahabi ya ɗauki 'yarsa zuwa Argungu don ta gaida kakarta. Ta ci tuwon shinkafa da miyar kifi har ta ƙoshi. Ta je bakin gulbi ta ga masunta suna jefa birgi, ragar kamun kifi, daga kwalekwale. Kashegari bayan azahar suka kamo hanyar gida.

A gaba ta zauna, kusa da mahaifinta. A baya an loda buhunan albasa, fasinja na zaune a kansu. An yi ruwa da safe, hanya ta yi santsi. Malam Sahabi yana tafiya a hankali.

Sun zo kusa da Gwadangaji ke nan, sai ga wani ɗan yaro ya biyo akuya da gudu, ya faɗo tsakiyar hanya.

"Innalillahi!" in ji Malam Sahabi.

Ya taka birki, ya murɗa sitiyari da ƙarfi. Lori ta kauce wa yaron. Amma ƙafar baya ta zame, motar ta gangara cikin kwalbati ta jingina gefe guda. Buhuna suka fashe, albasa ta watsu ko'ina. Mata suka yi ta salati.

Malam Sahabi ya fara fito da 'yarsa, sannan ya ruga baya. Ya duba fasinja ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya kiyaye, ba wanda ya karye. Wata tsohuwa mai suna Iya Riskuwa ce kawai ta kuje a gwiwar hannu. Yaron da akuyarsa kuwa ko ƙwarzane babu.

Mutane suka taru. Can sai ga Kofur Tamba bisa keke, da jar dararsa. Ya yi musu barka da arziki. Ya zagaya motar yana dubawa. Sai ya hango koriyar kwalba ta gangaro daga ƙarƙashin kujerar direba.

Ya ɗauka, ya buɗe, ya shinshina. Tsami ya bugi hancinsa. Fuskarsa ta canza.

"Malam Sahabi, wanga naka ne?"

"Awo, nawa ne. Jiƙon ciwon baya ne."

Kofur ya girgiza kai. "Da na so in yarda. Amma an riga an gaya mini kana shan giya kana tuƙi. Ban ɗauka ba sai yau da na ga mota cikin rami."

"Giya? Ni? Wa ya ce haka?"

Kofur ya ce a hankali, "Ɗiyarka, da bakinta, gaban 'yan ajinsu."

Malam Sahabi ya juyo ya dubi 'yarsa. Bai yi tsawa ba. Bai ko ɓata rai ba. Kallonta kawai ya yi. Ita kuwa ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Ƙarya na yi!" ta ce, tana kuka. "Baba Kofur, wallahi ƙarya na yi! Maɗaci ne da tsamiya!"

"Yi shiru, ɗiyata," in ji Kofur. "Ko wace ɗiya haka za ta ce don ta ceci ubanta. Da wace maganar taki zan yi aiki, ta can baya ko ta yau?"

A nan yarinyar ta fara gane cewa wanda ya yi ƙarya sau ɗaya, gaskiyarsa ma wahalar shiga take.

Kofur ya juya ga jama'a. "Doka ta hana mutum ya sha abin maye ya hau mota. Ba don mugunta aka yi ta ba. Bara da hannuna na fiddo mutane daga ƙarƙashin wata lori. Direban ya sha ya bugu. Akwai waɗanda ba su koma gida ba. Wanda aka kama da wanga laihi, za a karɓe lasinsa, kuma yana iya zuwa gidan yari."

Gidan yari! Yarinyar ta riƙe rigar mahaifinta gam.

Malam Sahabi ya dafa kanta. Ya miƙe tsaye sosai, irin tsayuwar soja.

"Kofur, aikinka kake yi, ban ga laihinka ba," ya ce. "Dokar nan mai kyau ce, ni ma ina bayanta. Amma dokar da ta ba ka ikon kama ni, ni ma ta ba ni haƙƙi. Zargi ba shaida ba ne. Ina roƙon a kai ni wurin likita yanzu, ya gwada ni, tun ba a ce abin ya sake ni ba."

"Haƙƙinka ne," in ji Kofur.

"Kuma ina son a kira sarkin tasha, Maigandi, ya tsaya mini shaida. Kwalbar kuma a rufe ta gaban jama'a. Kada kowa ya ƙara, kada kowa ya rage."

"Wannan ma haƙƙinka ne."

Kofur ya toshe kwalbar, ya ɗaure bakinta da tsumma kowa na gani. Ya tura wani saurayi da kekensa ya kira sarkin tasha. Aka bar yaron mota yana tsaron kaya.

Suka taka zuwa cikin gari. Tafiyar nan ita ce mafi tsawo da yarinyar ta taɓa yi. Mutane suka yi ta leƙowa daga zaure. Ta ji wani yana cewa, "Ashe Sahabi ma yana taɓawa?" Wata mata kuma ta ce, "Oh, duniya! Mu da muke ba shi amanar 'ya'yanmu."

Kowace kalma kamar bulala take a jikinta. Amma da ta ɗaga ido, sai ta ga mahaifinta yana tafiya kansa a sama. Yana ma gaida mutane kamar kullum.

A asibiti suka tarar da Maigandi ya riga su isa. Dattijo ne mai farin gemu, shi ke shugabancin direbobi a tasha. Likitan kuwa wani Bature ne mai furfura, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan.

"Ka yarda in gwada ka?" likita ya tambaya.

"Ni na nema, Likita."

Likita ya ja layi da alli a ƙasa. Ya ce Malam Sahabi ya bi ta kai, ƙafa gaban ƙafa. Ya bi tsaf, bai ko tangaɗa ba. Ya ce ya rufe ido ya taɓa hancinsa da yatsa. Ya taɓa. Ya haska masa tocila a ido, ya duba.

Sannan ya ɗauko wasu 'yan ƙananan kwalabe guda biyu. A cikin kowace akwai wani ruwan magani mai launin lemo. Ya dubi yarinyar, sai ya yafito ta.

"Zo, yarinya. Duba da kyau."

Ya ɗiga sifirit na wanke ciwo a cikin ta farko. Sannu a hankali ruwan ya juya ya zama kore.

"Kin gani? Abin da ke sa maye a cikin giya, irinsa ne a cikin wannan. In ruwan nan ya haɗu da shi, sai ya zama kore. Wanda ya sha giya, abin yana fitowa a numfashinsa."

Ya sa wata siririyar roba a cikin kwalba ta biyu, ya miƙa wa Malam Sahabi bakinta.

"Hura. Da ƙarfi."

Malam Sahabi ya ja numfashi ya hura. Ruwan ya yi ta ɓulɓulowa. Ya sake hurawa. Yarinyar ta ƙura wa kwalbar ido, ko ƙiftawa ba ta yi.

Aka jira. Aka ƙara jira. Ruwan nan yana nan da launinsa na lemo.

"Babu giya," in ji likita. "Ko kaɗan babu."

"Alhamdu lillahi!" in ji Maigandi.

Likita ya kwance koriyar kwalbar, ya zuba kaɗan a kofi, ya shinshina. Ya ce wannan ba giya ba ce. Ya miƙa wa Kofur ya ɗanɗana da kansa. Kofur ya kurɓa. Nan take ya yamutsa fuska, ya ruga bakin taga yana tofarwa.

"Kai! Wanga ɗaci haka! Malam Sahabi, kullum kake shan wanga abu?"

Kowa ya fashe da dariya, har likita. Kofur ya goge baki, ya miƙa wa Malam Sahabi hannu.

"Ka gafarce ni."

"Ba ka yi mini komi ba, Kofur. Da kowane ɗan doka zai tsaya kamar kai, da hanya ta yi lafiya."

Yarinyar ta ɗauka magana ta ƙare ke nan. Ashe da sauran aiki.

Aka jawo motar daga rami, aka gyara. Amma ranar kasuwa ta zo, lorin Malam Sahabi ta tsaya a tasha fanko. Waɗanda suka ga an tafi da shi suna da yawa. Waɗanda suka ga gwajin likita ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Fasinja suka riƙa wuce motarsa suna shiga wata. Ya dawo gida da wuri, ya zauna bisa tabarma.

Yarinyar ta je ta durƙusa gaban innarta a madafa.

"Inna, ba likita ya wanke Baba ba? Mi ya sa mutane ba su shiga motarsa?"

Inna Hure ta ajiye muciya. "Ɗiyata, magana zarar bunu ce. Ke kika zaro ta. Likita ya wanke shi wurin hukuma. Wurin mutane fa, wa zai wanke shi?"

Da aka koma makaranta, yarinyar ta tsaya bayan an tashi. Ta gaya wa malamarsu, Malama Hajaratu, duk abin da ya faru. Ba ta ɓoye komai ba.

"Mi ya sa kika faɗi abin da kin san ba haka ba ne?" malama ta tambaya.

"Ina so su ga babana ya fi na kowa."

"To, da ƙarya kika ɗaga shi, ko kika kayar da shi?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Na kayar da shi, Malama."

"Kin yi kuskure, amma kin zo da kanki, wannan alama ce mai kyau. Inda kika ɓata, nan za ki gyara. Gobe ki fara da 'yan ajinku."

Kashegari ta tsaya gaban aji. Ta faɗi gaskiya. Wasu suka yi mata dariya. Laure ba ta yi ba. Da aka fita tara ta zo ta kama hannunta.

"Ni ma da laihina," in ji Laure. "Ni na fara cika baki."

"Saura tasha," in ji yarinyar. "Can ne maganar ta fi yin ɓarna. Za ki raka ni?"

Ranar kasuwa da hantsi, 'yan matan biyu suka nufi tasha tare da Malama Hajaratu. Wuri ya cika maƙil. Ga masu albasa, ga masu kifi, ga 'yan dako suna kai da kawowa. Malam Sahabi yana goge gilashin motarsa. Da ya ga 'yarsa sai ya tsaya yana mamaki.

Yarinyar ta gaida Maigandi, ta roƙe shi ya sa a saurare ta. Dattijon ya dube ta, ya yi murmushi. Ya buga sandarsa a jikin wata ganga.

"Jama'a, a saurara! Ɗiyar Sahabi na da magana."

Ta taka matakalar lori ta tsaya. Idanu suka yi mata yawa. Ta dubi mahaifinta, sai ta ji ƙarfi ya zo mata.

"Iyayena, ku gafarce ni," ta ce da ƙarfi. "Ni na ce babana yana shan giya. Ƙarya na yi don in burge ƙawayena. Abin da ke cikin kwalbar jiƙon maɗaci ne, ni ke taya Inna tacewa. Babana da kansa ya ce a kai shi wurin likita. An gwada shi gabana, ba a sami komi ba. Ranar nan ma don kada ya take ɗan mutane ya faɗa rami. In za ku yi fushi, da ni za ku yi, ba da shi ba."

Sai Maigandi ya ɗaga murya.

"Ni shaida ne. Ina tsaye aka yi gwajin."

"Ni ma shaida ne," in ji wata murya daga baya. Kofur Tamba ne, riƙe da kekensa. "Kuma duk direban da aka zarga, ya yi koyi da Malam Sahabi. Bai gudu ba, bai yi faɗa ba. Ya nemi haƙƙinsa cikin ladabi, aka ba shi."

Sai ga Iya Riskuwa tana kutsowa da ƙunshin kayanta a ka.

"Ku ba ni hanya," ta ce. "Ni ina cikin motar ranar. Na ga yadda ya kauce wa yaron nan. Mashayi ba ya wannan. Sahabi, karɓi kayana, Argungu za ni."

Tana hawa, wani mai gishiri ya biyo ta. Sai wata mai goyo. Sai wasu 'yan kasuwa daga Augie. Kafin a jima bayan lori ya cika, har yaron mota yana cewa a matsa.

Malam Sahabi ya sauko da 'yarsa daga matakala. Ya durƙusa daidai tsayinta.

"Baba, ka yafe mini?"

"Tun a bakin kwalbati na yafe miki. Amma yau kin yi abin da manya da yawa ba su iyawa. Yau ni ke alfahari da ke."

Hawaye suka zubo mata, amma na daɗi ne. Ya share mata da hannun rigarsa.

"Riƙe abu biyu, ɗiyata. Duk wanda ya sha abin maye ya hau mota, ya ɗauki rayukan mutane ya yi wasa da su. Kada ki taɓa ɗaukar wannan abin burgewa. Na biyu, mai gaskiya ba ya tsoron gwaji. Ya san haƙƙinsa, ya nema da ladabi."

"Na riƙe, Baba."

Ya hau mota, yaron mota ya juya hannun tayarwa, inji ya kama. Fasinja suka yi bisimilla. Yarinyar da Laure suka tsaya suna ɗaga hannu har lori ta fita daga tasha.

Tun daga ranar ba ta ƙara ƙawata magana da ƙarya ba. In an zauna ana hirar iyaye, abin da ya faru kawai take faɗi, kuma ya ishe ta alfahari.

Yara, ku kula da abin da bakinku ke furtawa. Ƙarya ko ta wasa ce tana iya jefa wanda kuke so cikin wahala. In kun yi kuskure, ku fito fili ku gyara. Ku girmama doka, ku san haƙƙinku, ku riƙe gaskiya, domin ita ce ke ɗaukaka mutum.